Irin da Tambaya Ta Dafa da Kanwa

"Lafiya ƙalau, tsohuwa, lafiya ƙalau. Ina kwanon da na ajiye a bayan randa?"

Iyakar gaisuwar da Zaharaddini ya iya yi wa kakarsa Tambaya ke nan, ko hular kwanon babur bai tsaya cirewa ba. Ba rashin tarbiyya ba ne, hankalinsa ne ba ya jikinsa. Gonar marigayi kakansa da ke bakin kanal, ta wajen Bunkure, shekara uku ke nan gishiri ya taso mata, ƙasa ta yi fari fat, tumatir ya ƙi, shinkafa ta ƙi. Baffansa Sammani ya gaji, ya ce in ranin bana ya wuce ba ta fid da komai ba, masu buga bulo zai sayar wa. Shi ne Zaharaddini ya yi ta zarya gidan binciken gona har aka ba shi wani baƙon wake mai kama da gurjiya, da ɗan magani a kwalba wai shi sifamidin, a gwada ko zai taimaki tsiro ya jure gishiri. Jiya ya raba irin biyu, rabi ya jiƙa a ruwan maganin, rabi a ruwa zalla. Yau bayan la'asar za a sako wa gonakinsu ruwan kanal, kuma in ya wuce sai wani makon.

Tambaya na zaune a kan kujerar tsuguno tana sakace 'yan haƙoran da suka rage mata.

"Ji mijin zamani," ta ce. "Ba ina kwana, ba cefane, sai ina kwano. Kwanon na ubanka ne?"

"Na uwar ubana ne, shi ya sa nake tambayarki."

"To na wanke shi."

"Abin da ke ciki fa?"

"Yana inda Allah ya nufa da shi." Ta shafa cikinta.

Zaharaddini ya dubi murhu. Ga tukunya a gefe, ga sauran kanwa a marfi, ga kwalbar manja a buɗe. Ya tafi bayan randa, ya dawo, ya sake komawa, kamar zagayen ne zai dawo da waken.

"Tambaya, iri kika dafa?"

"Wake na gani a jiƙe a kwanona. Tun ina budurwa, in aka jiƙa wake a gidan nan, ci ake yi. Ban taɓa ganin an jiƙa wake don a kai wa ƙasa ba."

"Har da kanwa?"

"Ai dole. Wannan waken naka taurin kai gare shi irin naka. Itace uku na ƙone, sai da na jefa masa kanwa sannan ya san da manya."

"Ni ina nema masa tsari daga gishirin gona, ke kin dafa shi a ruwan kanwa. Yau zan sake ki. Saki uku, a rubuce."

"Da wane alƙalamin? Wanda ka yi shekara huɗu a makaranta da shi, ka dawo kana yi wa wake wanka?"

Sai wani tsoron ya zo masa wanda ya fi na farko. Ya durƙusa a gabanta yana leƙa idonta.

"Tsaya tukuna. Wanne kika ci? Kanki ba ya juyawa? Cikinki fa?"

"Au, ashe kana so na. Ɗazu ka sake ni."

"Don Allah wanne kika ci?"

"Na kwanon samira. Wancan na roba da ka ɗaura wa jan zare, wa zai taɓa shi? Na ɗauka asiri ka yi wa Sammani. Na ma tura shi ƙarƙashin gado da sanda, kar jikokin maƙwabciyata Hawwa su gani."

Ya faɗa ɗakin da gudu, ya jawo robar. Mai maganin yana nan, ya kumbura sumul, ko ƙwaya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Ya sauke ajiyar zuciya, amma daɗin bai kai ko'ina ba, ya fito yana duba agogon wayarsa.

"To ka ga," in ji Tambaya. "Mai tsarin yana nan. Na banzan na ci. Ka gode mini."

"Ba na banza ba ne. Fangali biyu na gyara, gefe da gefe. Ɗaya mai magani, ɗaya babu. In ba a ga bambanci ba, wa zai yarda maganin ne ya yi aiki? Malamin da ya ba ni ba zai ƙara mini iri ba, Baffa kuma zai ce dace ne. Kuma irin ya ƙare a can, na ƙarshe aka ba ni."

"Wato sai ka shuka wanda ka san zai sha wuya, don ɗan'uwansa ya yi suna?"

"Haka ake gwaji."

"Lallai boko mugunta ne."

Ya zauna a kan turmi, ya tashi, ya sake zama. Shi kansa bai san ko waken zai yi a ƙasar nan ba, amma gonar da ya koyi riƙe fartanya a cikinta ce, kuma ganin an jera bulo a kanta zai yi masa ciwo ƙwarai.

Tambaya ta dube shi ta wutsiyar ido. Wasan ya daina yi mata daɗi tunda abokin ya yi shiru. Ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki tana mita, aka ji tana jan tukwane. Ta fito da wani tsohon gora mai toshe da tsumma, ta zazzage shi a faifai. Toka ta tashi, sai ga baƙon waken a bushe, ya kai cikin gwangwanin madara biyu.

"Ina kika samo wannan?"

"A jakarka, ranar da ka kawo. Kana can kana yi wa Sammani turanci."

"Sata kika yi mini?"

"Ajiya na yi. Shekara arba'in ina tare da kakanka, bai taɓa fita da iri duka ba, sai na ɗebi wani na binne a toka. Kai da ka zuba naka kaf a ruwa, da wa ka yi shawara?" Ta tura masa faifan, muryarta ta ɗan sauka. "Ungo. Gonar marigayi Malam ce. Ni ma ba na son in ga bulo a kanta ina da rai."

Zaharaddini ya busa tokar, ya ɗebo ruwa a randa, ya zuba irin a kwanon samira. Kafin la'asar zai sha ruwa daidai gwargwado. Ya warware jan zaren robar, ya raba biyu, ya ɗaure kwanon ma.

"Na mayar da ke ɗakinki," ya ce.

"Wa ya ce ina so? Zo ka ci sauran gwajinka kafin ya huce."

Ya ɗebi loma ɗaya a tsaye, ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Tsohuwa, gishiri ya yi yawa."

Tambaya ta fashe da dariya har tana riƙe bango.

"Na yarda, hannuna ya zarce. Ɗiga masa maganin naka mu gani. In ya yi aiki a tukunyata, ni da kaina zan je in gaya wa Sammani."