Ragon Suna da Janareta Mai Tayar da Kansa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, ko na so in manta ma mutanen unguwarmu Kagarawal ba za su bar ni ba. Ni dai Allah ya yi ni da rawar kai. In na sayi sabon abu, ba na samun sukuni sai kowa ya gani ya yaba. Surukina kuwa, mahaifin matata Rukayya, manomi ne a garin Kwadon, dattijo mai magana ɗai-ɗai. Tun ranar da na fara zuwa gaishe shi ya ce wa iyalinsa, "Yaron kirki ne, amma kamar a kan ƙaya yake zaune." (Rukayya ce ta ba ni labari bayan aure tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.) Tun daga nan nake neman ranar da Baba, kamar yadda nake kiran surukin nawa, zai gan ni zaune daram, kamar magidanci.

Da cikin Rukayya ya tsufa, ga zafin Gombe, sai na gaji da zabura zuwa bayan gidan don tayar da janareta duk lokacin da aka ɗauke wuta. Na je unguwar Herwagana wajen Emeka mai aikin wuta, ya zo ya haɗa wa janaretana wani ɗan akwati da suke kira otomatik. Aikinsa shi ne sa ido a kan wutar gari. Da an ɗauke, sai ya ɗan jira, ya tayar da inji da kansa, ya juya gidan zuwa kansa. In an dawo da ita kuma ya mayar da gidan, ya kashe injin. Don ya gwada mini, Emeka ya zare katawut, wato farin fis ɗin nan da ke kusa da mita a zaure. Gida ya yi tsit, can sai ga inji ya tashi babu wanda ya taɓa shi. Saura kaɗan in rungume mutumin.

"Oga, ka sa shi a oto ka manta da shi," in ji Emeka. "Amma kar ka ajiye komai a jikinsa fa. Shi ba ya sallama kafin ya tashi."

Na ce na ji. Ban ji ba, ina can ina lissafa waɗanda zan nuna wa.

To ga inda matsalar take. Tun da aka haɗa akwatin nan, masu wuta suka shiryu. Rukayya ta haihu lafiya, 'yan barka suna ta shiga da fita, wuta ko ƙiftawa ba ta yi. In an ɗauke ma, sai lokacin da babu baƙo ko ɗaya a gidan. Ina jin a duk faɗin Gombe ni kaɗai ne nake kallon ƙwan fitila ina fatan ya mutu.

Ana gobe suna, Baba ya iso da yamma da wani ƙaton rago balami, fari tas. Da hannunsa ya yi kiwonsa da harawa da dusa tun ranar da ya ji 'yarsa na da ciki, ga shi kuma na riga na sanar cewa sunansa za a sa wa yaron. Na karɓi igiya cikin ladabi, na ja ragon zuwa bayan gida, na ɗaure shi a ƙarfen janareta. Nan nake ɗaure ragon layya duk shekara, don akwai inuwa, kuma shi ne abu mafi nauyi a gidan. (Na sani. Kada ku ce komai.)

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na jawo waya na kafa fankoki biyu na tsaye. Liman ya zo, maƙwabta sun cika, ana raba goro da dabino, mahauci na gefe yana wasa wuƙa. Ni kuma cikin sabuwar shadda mai sitaci, duk wanda na miƙa wa goro sai na haɗa masa da labarin otomatik. Maƙwabcina Malam Garba, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Kai dai kullum labari. To mu gani mana a ƙasa."

Na dubi fanka, tana ta juyawa abinta. Na dubi Baba, yana jan carbi. Na zauna, na tashi, na gyara tabarma, na sake zama. Liman ya fara gyaran murya, na san da an shafa fatiha kowa zai watse, shi kenan dama ta wuce. Sai na ce bari in ƙaro goro. Ina shiga zaure na duba hagu da dama, na zare katawut, na cusa a aljihu, na dawo da sauri na zauna kusa da Baba.

Fankoki suka fara rage gudu. Wani ya ce, "Kash, sun ɗauke." Na naɗe hannuwa a ƙirji, na ce da babbar murya, "Kowa ya zauna. A gidan nan ba a tashi."

Can sai inji ya tashi daga bayan gida, fankoki suka dawo. Na juya wajen Baba da murmushi, amma murmushin bai gama buɗewa ba na ji wani irin kuka, da ƙarar ƙarfe ana jan sa a kan siminti, da salatin mata. Janaretan nawa mai taya ne. Rago ya firgita ya ja shi har tsakar gida, waya ta tsinke, igiya ma ta tsinke. Ya bi ta kan tandar waina, ya kifar da tukunyar kunun Goggo, ƙanwar Baba, ya faɗo zaure, ya fito kanmu da ƙaho a gaba. Liman ya manne da bango. Malam Garba ya haye kan babur ɗin wani. Rago ya tsallake tiren goro ya miƙi layi.

Ban san lokacin da na zabura ba. Hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya tsaya a kwata, ina gudu ina riƙe da babbar riga ina ihu, "Ku tare! Na suna ne!" Abin da ya fi ci mini rai, duk shagon da na wuce akwai wuta. Mai aski na aski, mai sayar da ƙanƙara firjinsa na gurnani. A zuciyata kuwa abu ɗaya nake maimaitawa: in ragon nan ya ɓace, da wane ido zan dubi Baba?

Sai da hantsi ya yi sosai na same shi a wata gonar wake a bayan unguwa, yana cin ganye kamar bai san ni ba. Mai gonar ya taya ni kamawa bayan ya gama faɗa mini abin da ke ransa.

Na dawo ina jan rago, shadda ta koma kalar ƙasa. Rabin jama'a sun tafi. Daga cikin gida ana jiyo kukan jariri, don babu inji babu wutar gari, ɗakin mai jego ya zama tanderu. Rukayya ta leƙo ta taga ta ce, "Hamma, lafiya kuwa?" da wata murya da na san za mu yi maganar daga baya.

Malam Garba ya ce, "Abin mamaki, duk layin nan gidanka kaɗai aka ɗauke wa."

Na ce, "Ai ka san halinsu, wani lokaci layi ɗaya suke..."

Baba, wanda ko motsi bai yi daga inda na bar shi ba, ya ɗaga gefen rigarsa ya ɗauko wani farin abu daga kan tabarma. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Wannan ya faɗo daga aljihunka da ka tashi," ya ce a hankali. "Na ga kamar na gidan ne. Je ka mayar, yaron yana jin zafi."

Babu wanda ya yi dariya, saboda girman Baba, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Liman dai ya kama tari. Na karɓi katawut na durƙusa, ban san me ya sa na ce "na gode" ba, na shiga zaure na mayar. Fankoki suka tashi a kan idon kowa.

Aka yanka rago, aka raɗa wa yaro suna Abubakar. Tunda sunan Baba ne, ba mai iya kiransa gatsau a gidan, dole a nemi laƙabi. Ni na riga na tanadi Halifa. Goggo, da kunu har yanzu a zaninta, ta ce, "Wane Halifa? Wannan ai Oto ne." Mata suka ɗauka da guɗa. Yau yaron yana firamare, har malamansa Oto suke ce masa.

Abin da na koya shi ne, a garin da ake ɗauke wuta ba tare da an roƙa ba, ba a taya su aiki, haƙuri kaɗan ake yi. Rago kuma a jikin bishiya ake ɗaure shi. Akwatin yana nan yana aiki lafiya, kuma Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai duk ranar da ya zo gidan aka ɗauke wuta, ba ya ko kallona. Jikansa yake kira ya ce, "Oto, je ka duba aljihun babanka."