Yadda Za Ka Riƙe Gurbinka a Tseren Miƙa Sanda da Agara a Kumbure

Sannu da jiki, ɗan'uwa. Ɗora ƙafar a kan kujera, ba komai. Idan kai ɗan tsere ne, agararka ta ji ciwo, likita ta hana ka gudu, ga wani a gefe yana lasar leɓe a kan gurbinka, to wannan darasi naka ne. Bi matakan nan a tsanake, ɗaya bayan ɗaya, ranar tsere za ka tarar da sunanka inda ka bar shi. Wannan alkawari ne. Hanyar ba ta taɓa ba da kunya ba. Mutum ɗaya ne dai ya taɓa gwada ta, amma ba ta ba shi kunya ba.

Ana ce masa Barewa. Shi ke kula da sito a wani kamfanin sabulu. Duk shekara idan kamfanoni suka yi tseren miƙa sanda, mutum huɗu-huɗu, shi ne na ƙarshe, mai keta layi ana tafi ana ɗaukar hoto. Bana ya sauko daga tsani da katan ɗin sabulu a ka, ya taka ba daidai ba. Ƙanin matarsa, Dogo, wanda shi Barewa da kansa ya samo wa aiki a sashen lodi, ya zo dubiya da lemo a leda, ya ce, "Yaya, huta abinka. Gurbin nan ba zai yi maraici ba, ina nan."

Mataki na 1: Saurari likita, amma da rariya

Likita za ta yi maka bayani mai tsawo. Kada ka katse ta, rashin ladabi ne. Ka dai tace maganar, ka riƙe mai daɗin.

Ta Barewa ta ce gudu babu shi sai agara ta warke. Amma zai iya hawa keken motsa jiki, irin wanda ake takawa a tsaye, mai feda biyu masu faɗi da sanduna biyu na riƙewa. Ƙafa ba ta dukan ƙasa, huhu kuma yana aikinsa.

"Wato gudu ke nan, Likita?"

"Ba gudu ba ne."

"Amma ana haki?"

"Ana haki."

"To ai gudu ne."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce a kira mai bi masa. Ka lura, ba ta sake musawa ba. A ilimin jinya, wannan shi ake kira izini.

Mataki na 2: Tono keken

Kada ka je ko'ina nema. Yana gidanka, a lungun falo, tsakanin firji da taga. Matarka ce ta kawo shi wata shekara da ta yi niyya mai kyau. Yanzu yana ƙarƙashin tawul, da mayafai, da wandon da ka ce ya ɓata.

Ka nemi izini cikin lalama, domin kana shirin raba baiwar Allah da mafi kyawun abin shanyarta.

"Abban yara, to ina zan rataye kayan?" in ji matar Barewa.

"A igiya, kamar kowa."

"Igiya ba ta da hannu biyu."

Ya yi alkawarin mayar da kayan da kansa duk ya sauka. Kai ma ka yi. Alkawari ba ya taɓa agara.

Mataki na 3: Hau, ka damƙe

Ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Idan ka ga yana tafiya da kai da baya, kada ka firgita, ka ce da gangan ka yi. Hannun dama ya tura sanda, na hagu ya jawo, sai su yi musaya. Abin da ka tura, ka jawo shi. Ka gane? Madalla.

A ranar farko Barewa ya saki hannu ɗaya don ya ɗauki kansa hoto. Keken bai san an tsaya ba. Sandar ta dawo ta gaisa da haɓarsa, ya tashi a bayan kujera, wayar a ƙarƙashin firji.

"Ka iso?" in ji matarsa daga kicin.

Tun daga nan ya rantse hannunsa ba zai ƙara sakin sanda ba. Ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci, sai dai ya hure shi. Ka koyi wannan rantsuwar, tana da amfani.

Mataki na 4: Sanar da jama'a

Motsa jikin da ba a gani ba, jiki ma ba ya lissafa shi. Akwai wani abin murɗawa a ƙasan allon keken, wanda ke ƙara wa feda nauyi. Mayar da shi can ƙasa, inda ko kyanwa za ta iya juya shi. Lambobin allo za su yi ta hawa. Bayan ka sauka, ɗauki hotonsu ka tura wa abokan tsere.

Za a samu 'yan baƙin ciki. Dogo ya amsa da cewa, "Kai Yaya, wannan nisa haka! Amma na ga har yanzu ba ka wuce firji ba."

Kada ka tanka. Shi Barewa sai kawai ya sa Dogo ya sake jera katan ɗin da aka riga aka jera.

Matarsa kuwa, garin goge ƙura, ta murɗa abin nan har ƙarshe, ba ta sani ba. Washegari Barewa ya ji kamar yana taka laka. Ya ɗauka tsufa ne ya riske shi dare ɗaya. Tsoro ya kama shi, ya tuna dariyar Dogo, ya cije ya yi ta turawa yana jawowa, gumi na ɗiga har tabarma. Haka ya yi ta yi mako bayan mako, bai gaya wa kowa ba. Ka ga ke nan mutum na iya samun ƙarfi bisa kuskure. Idan matarka ba mai yawan goge-goge ba ce, ka san yadda za ka yi.

Mataki na 5: Koma fili da fara'a

Ranar da likita ta sallame ka, ka je wurin gwaji da wuri. Kociyan su Barewa shugaban masu gadi ne, mutum mai usur da ƙarancin magana. Ya dubi ƙafar, ya dubi Dogo.

"Barewa, ka daɗe ba ka taka ƙasa ba. Yau kai ne na uku. Dogo na ƙarshe. Idan ya yi kyau, haka za mu tafi."

"Ranka ya daɗe, wannan yaron fa ni na koya masa ɗaura takalmi."

"To ka koya masa karɓar sanda."

A nan ka yi murmushi. Idan murmushin ya ƙi fitowa, ka nuna haƙora kawai, daga nesa duk ɗaya ne.

Mataki na 6: Bar jiki ya yi abin da ya koya

Aka busa usur. Na farko ya ba na biyu, na biyu ya ba Barewa. Ƙafarsa na ɗan sharar ƙasa kamar mai neman feda, amma numfashi kam, sai ka ce injin niƙa. Kafin a ankara ya cim ma Dogo, wanda ya fara gudu yana miƙo hannu ta baya.

Barewa ya tura sanda. Dogo ya kama. Barewa ya jawo.

"Yaya, saki mana!"

"Ai na saki!"

Ya sake turawa, ya sake jawowa. Zuciyarsa ta saki, Allah ya sani, hannun ne bai samu labari ba. Dogo ya ƙi sakin nasa ɓangaren, Barewa kuma ya wuce gaba, ya ja shi kamar akuyar da ba ta son zuwa kasuwa.

"Zan gaya wa Anti!" Dogo na ihu.

"Gaya mata! Kekenta ne!"

Haka suka keta layi su biyu, sanda ɗaya, Barewa a gaba.

Mataki na 7: Yi shiru, a yanke hukunci

Wannan shi ne mataki mafi wuya. Kada ka ba da haƙuri, kada ka yi bayani. Tsaya kana haki.

Kociya ya ce a sake. Aka sake, aka maimaita jan akuya. Ya sa masu lodi biyu su ɓamɓare yatsun Barewa daga sanda, da ƙyar. Ya waiwaya ya dubi mutum ɗaya tilo da ke zaman jiran ko-ta-kwana, wato kashiyan kamfani, wanda ke zaune a inuwa yana fifita da hula, tumbinsa a kan cinya. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cire usur daga baki.

"Mutumin nan yana da gudu, amma ba ya miƙa sanda. A cikin huɗun nan wa ne ne ba ya miƙa wa kowa?"



"Na ƙarshe," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa, yana murza kafaɗa.

"To Barewa, koma wurinka. Dogo, na uku. Kai dai ka tabbata ka sa masa a hannu, sauran ba ruwanka."

Barewa ya dafa ƙanin matarsa cikin tausayi, da hannun da babu sanda, ya ce, "Kada ka damu, ƙanina. Na ukun ma ana ɗan ganinsa a gefen hoto."

Togaciya

Darasi ya ƙare, Allah ya ƙara sauƙi. Sai dai a sani, wanda ya tsara matakan nan ba likita ba ne, ba kociya ba ne, kuma bai ce kowa ya hau komai ba. Haɓa da ta fashe, agara da ta sake kumbura, ƙanin mata da ya daina gaisuwa, duk na mai su ne. Haka kuma idan ka je gaisawa da manajan kamfaninku, ka miƙa masa hannu ka fizgo shi, ka sake turawa ka sake fizgowa a gaban baƙi, kada ka ambaci inda ka koya. Ba mu san ka ba.