Ranar da Na Hau Bututu a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma da ana goge yini ɗaya daga rayuwar mutum, da wata rana ta farkon damina zan goge. Na sha ƙasa a gaban jama'a a ranar (cikin taɓo, kuma da baya), amma wannan ba ya hana ni barci. Abin da bakina ya furta bayan na tashi shi ne yake damuna har yau.

Ni bakanike ne a Tudun Wada, manyan motoci da tarakta nake gyarawa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a ɗaure noti ba na jin akwai wanda ya fi ni daga nan har Doguwa. Dabarata ɗaya ce: in kafa sifana, in zura mata bututun ƙarfe mai tsawon mutum, in hau kansa in yi tsalle sau uku. Idan notin ya yi kuka, to ya ɗauru. Haka nake yi tun ina da baƙin gashi, har gwiwoyina suka fara kuka su ma.

Wanda ya lura da gwiwoyin shi ne Auwalu, mijin 'yata Rabi, mai aikin injuna a wani kamfanin gina hanya. Mutum ne mai kunya, ko zai gaishe ni sai ya cire takalmi tun daga bakin gareji. Ranar ya zo da wani jan akwati, ya durƙusa ya ajiye.

"Baba, ga wannan. Yana ninka ƙarfin hannu. Ba sai kana hawa bututu ba."

Wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi, da ƙafa ɗaya a gefe. Ban gane kansa ba ko kaɗan. Amma a ce ni, a gaban mutane, in tambayi mijin 'yata yadda ake ɗaure noti? Na ce, "Oho, irin wannan! Ai mun san shi." (Allah ya yafe mini, ko a hoto ban taɓa ganinsa ba.)

A lokacin ina kan taraktar Malam Haruna, abokina tun na ƙuruciya, manomi daga wajen Falgore. Ruwa ya sauka, gonaki suna jiran huɗa, shi kuma yana tsaye a kaina yana mita. Saura in ɗaure notunan babbar tayar baya. Auwalu ya kafa abin a kan noti, ya jingina ƙafarsa da notin da ke kusa, ya juya zai ɗauko wata sifana daga akwatin. Kafin ya juyo na riga na zura bututuna.

Ya yi tari. Ya ce a hankali, "Baba, ko in riƙe maka?"

A yau na san abin da yake nufi. Suruki ba ya ce wa uban matarsa "ba haka ake yi ba", iyakar abin da kunya ta bar masa ke nan. Na ce, "Auwalu, tun ba a haife ka ba nake ɗaure noti. Matsa."

Na hau. Tsallen farko, bututun ya tafi da laushi kamar ba abin da yake ja. Na ce a raina, ashe abin ma rago ne. Na mayar da shi sama na sake hawa, na ƙara nauyi. A karo na uku sai ji kake tas! Ƙusar da notin yake kai, mai kaurin babban yatsana biyu, ta guntule. Ni kuma na zauna daɓas a taɓo, hulata ta gangara ƙarƙashin tarakta.

Malam Haruna ya leƙo ya ce, "Oga, ɗaurewa na ce ka yi ko yankawa?"

Masu shayi da 'yan acaɓa da ke bakin garejin suka fashe da dariya. Kafin in buɗe baki Auwalu ya durƙusa ya ce, "Laifina ne. Ni ne ban saita shi daidai ba."

Nan ne ya kamata in ce a'a. Sai na karkaɗe wando na ce, "Ai shi ya sa ba na son kayan yaran zamani." Malam Haruna ya juya kan Auwalu da faɗa, yana cewa ya jawo masa asarar huɗa. Auwalu ya miƙe. Ya hau babur ya tafi Kano neman ƙusa, ya dawo jiƙe sharkaf, kuma ko Rabi bai gaya wa ba.

Kwana uku tuwo ba ya yi mini daɗi. A na huɗu, bayan la'asar, na ɗauki akwatin na tafi gidansu, abin da ban saba yi ba. Rabi ta tsorata, ta ɗauka rasuwa aka yi. Na ce ta ba mu wuri, na zauna a tabarma na ce, "Auwalu, ban san abin nan ba. Koya mini."

Ya fito da ƙarfen, ya kwance murfinsa ya nuna mini cikinsa: ƙaramar giya, wato faifai mai haƙora, a tsakiya, wasu suna zagaya ta, duk a cikin zobe mai haƙora. Ya ce in ka juya hannun sau biyar, notin sau ɗaya yake juyawa, amma ƙarfin ya ninku kusan biyar, shi ya sa ake jin laushi. Ƙafar nan kuwa ita ke tokarewa don kada abin ya juya da kansa. Akwai sifana mai awo da ake saitawa a kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da notin yake so, in ta yi ƙas, sai ka tsaya.

"Wato ni biyar ne suka hau bututun nan?"

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa. "Kusan haka, Baba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Baba, don Allah ka bari, kada Rabi ta ji." Idona ya ciko, na ce hayaƙin murhunsu ne.

Washegari na tara Malam Haruna da masu shayi na faɗi gaskiya, cewa yaron nan ba shi da laifi. Malam Haruna ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ai mun sani. Duk garin nan wa ya ga Auwalu a kan bututu? Jira muke mu ga kwana nawa za ka yi."

Don haka ina roƙonku, kada ku yi irin tawa. Abin da ba ku sani ba ku tambaya, ko da mijin 'yarku ne ya san shi. In kuma kun riga kun zauna a taɓo, ku tashi da abinku, kada ku shafa wa wanda ya miƙo muku hannu.