Man Shanun Inna a Fuskata

Ni dai ban ga abin da Bilki ta fi ni ba. 'Yar kawuna ce, na ma girme ta, amma duk inda muka shiga fuskarta ake yabo. Tawa kuwa kullum a bushe, in na shafa hoda sai ta riƙa ɓarewa kamar tsohon fenti.

Ana gobe bikin ƙawarmu a Yammedi, na ji tana gaya wa wata wai ɗanyen man shanu take shafawa. Ni in tambaye ta? Allah ya kiyaye. Na dai rantse a bikin nan ni za a kalla.

Da safe na duba, babu ɗanye a gidanmu, sai wanda Inna ta soya da albasa don tuwo. Na ce duk mai ne. Na lafta, na bi da hoda, muka shiga mota daga Karaye ina ɗaga kai.

Ba mu yi nisa ba rana ta buɗe, man ya narke. Direba ya shinshina ya ce, "Hajiyoyi, wa ya taho da tuwo babu ko tayi?"

Tsohuwar da ke gefena ta matso da hancinta. "Yarinya, ai ke ce."

Bilki ta yi dariya har da hawaye. Abin haushi, dariyar ma kyau ta yi mata.

Har yau in an sauke tuwo a gidan kawu, sai ta miƙo min malmala: "Yaya, ɗan goga mana a kumatu."