Idon Nomau a Takardar Barau

Ku yaran yanzu ba ku da aiki sai yi wa mutane dariya. A ce ku zauna ku miƙe, a ce ku kawo ruwa ku tambayi dalili. Kun ƙura wa waya ido har ya yi jawur, in an ce ku je a duba muku sai ku ce lafiyarku lau. Ku rufe min baki ku ji labarin mutumin da kuke kira wawa.

A Unguwar Marke aka yi wata mata Gwamma, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, daga ita sai ƙaninta Nomau a gidan. Nomau ya haura arba'in, har da furfura a gemu, amma abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Damuwar Gwamma ba Nomau ba ce, motar Barau ce. Ita kaɗai ce motar da ke zuwa kasuwar birni ran Laraba, kuma Barau ya fara abin tsoro. Ya kwashe akuya a gefen hanya, ya goge bakin gada, ya tura mai keke cikin rami, kullum yana rantsuwa bai gan su ba. Da Gwamma ta ce ya je a duba idonsa, sai ya ce in motarsa ba ta yi mata ba, ƙafa na nan. Tun daga Litinin ba ta iya zama wuri ɗaya, tana lissafin rayuka goma sha huɗu da ake cusawa a motar nan, har da nata.

Wata rana ma'aikatan ido suka sauka a asibitin garin da na'ura mai ɗaukar hoton cikin ido. Shugabarsu, Malama Lantana, ta ce akwai cutar da ke cin gani a ɓoye, ba ciwo ba ƙaiƙayi, sai hoton ne ke tona ta. Ta ga Nomau a tsaye ba aikin yi, ta ce ya kira mata duk wanda ya haura arba'in, kada ya bar kowa. Nomau ya bi gida gida yana tambayar matan mutane shekarunsu, ya sha zagi, har da mai jifansa da ludayi. Ya fito da mai haƙar rijiya daga rami da laka a jikinsa. Ya goyo wani tsoho da ya makance tun kafin a haifi Malama Lantana, ya dire shi a gaban layi. Barau kaɗai ya kuɓuce masa, don yana hango shi ya tada mota. Nomau ya bi shi da gudu har bayan gari. Gwamma na tsaye a ƙofar gida tana kallo, ta tabbata mutumin nan ya san abin da yake ɓoyewa.

Wata rana layi ya zo kan Nomau. Malama Lantana ta sa ya ɗora haɓa a kan ƙarfen na'urar, ta ce ya kalli koren haske, kada ya motsa sai ta ce. Kafin ta danna, aka kira ta wajen wata mai naƙuda a ɗakin baya. Sauran ma'aikatan suka ce ya tashi wani ya zauna, ya ce ba su ne suka zaunar da shi ba. Aka ja shi, ya rungume teburin. Tun hantsi har azahar yana nan, hawaye na zuba, ƙuda na yawo a hancinsa, layi ya kai bakin titi, tsofaffi na tsinuwa. Aka aika wa Gwamma, ta bar gyaɗa a wuta ta zo, ita ma bai saurare ta ba. Da Malama Lantana ta dawo ta ɗauki hoton, sai ta nuna wa jama'a ta ce duk garin nan ba ta ga ido mai lafiya kamar nasa ba. Maganar ta zaga gari har ta kai kunnen Barau.

Wata rana Gwamma ce aka ɗiga wa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, komai ya koma mata dishi-dishi. Aka ce wa Nomau ya riƙe hannunta, kada ya sake ta sai ganinta ya washe. Ya kai ta gida lafiya, amma hannu bai saki ba. Za ta yi alwala yana riƙe, za ta juya ƙuli yana riƙe, mai ya ƙone ƙurmus. Ta gaji ta ce ya washe. Sai ya ɗaga yatsu kamar yadda ya ga ana yi a asibiti.

"Nawa ne, Yaya?"

"Uku. Sake ni, don Allah."

"Biyu ne," in ji shi, ya ƙara damƙewa.

Sai la'asar sakaliya ta samu hannunta, da shatin yatsu a jiki.

Wata rana, Laraba ce, ƙungiyar direbobi ta kawo wasu ma'aikatan ido tashar birni, aka ce duk direban da ba shi da takardar hoton ido ba zai ƙara lodi ba. Barau ya lallaɓi Nomau, wanda ya rako Gwamma da jarkokin mai. Ya saya masa shayi da burodi, ya sa masa hularsa, ya ce in an kira Barau ya amsa, kuma kada ya gaya wa kowa wanda ya aiko shi. Nomau ya amsa, ya ɗora haɓa, aka ɗauka. Ma'aikacin ya ba shi takarda da hoton ido jajur kamar kwanduwa, ya ce ya kai wa Ciyaman, shugaban direbobin tashar, da hannunsa, kada ya ba kowa a hanya.

Barau na laɓe bayan rumfar mai shayi, ya miƙo hannu. Nomau ya cusa takardar a aljihu ya ce an ce kada ya ba kowa a hanya. Barau ya yi lallashi, ya yi zagi, ya kai masa cafka. Nomau ya ruga, Barau ya bi shi, suka ratsa tasha. Nomau na kauce wa kaya, Barau kuwa ya yi karo da bencin da ke gefensa, ya ture tiren mai lemo, ya bangaje wata mai goyo. Gwamma ta ji hayaniya, ta bar jarkokinta ta biyo su tana haki. Ta iske ƙaninta a gaban Ciyaman yana miƙa takarda da hannu biyu.

Ciyaman ya karanta sunan, ya dubi Nomau sama da ƙasa, ya tambayi wanda ya aiko shi. Nomau ya ce an ce kada ya faɗa.

"To, idon wa ke cikin hoton nan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Sunan ne ba nawa ba."

Barau ya fara cewa wawa ne, kowa ya san shi. Gwamma ta ture mutane ta shigo tsakiya, mayafi a kafaɗa.

"Wawan ƙanina ne, kuma bai taɓa ƙarya ba. Ni ce ke zama bayan kujerar Barau duk Laraba. A zaunar da shi a gaban na'urar nan, in idonsa lafiya, ni zan ba shi haƙuri a gaban kowa."

Aka zaunar da Barau. Hoton ya fito, ma'aikacin ya daɗe yana kallo, ya ƙara wasu gwaje-gwaje. Ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye gefe da gefe, Barau na ganin duniya ne kamar mai leƙe ta bututu. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar, kuma da ya zo da wuri da ba a kai nan ba.

Nan take Ciyaman ya karɓi makullin. Wani direba ne ya mayar da su Gwamma gida, Barau na can baya a matse tsakanin buhunan masara. Idonsa na hagu bai kai bazara ba, na dama kuwa da ɗigon magani safe da yamma ake riƙe da shi har yau. Motar da ya tuƙa shekara ashirin da biyu ya sayar da ita, yanzu shi ke ɗaure wa sabon mai ita kaya a tasha.