Rasuwar Resibar Yaya Bashir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, in dai abin nan da ya tokare min ƙirji tun ranar Laraba shi ne baƙin ciki, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gazara da Gubuchi da cikin Makarfi rasuwar resibar gidanmu. A kan dakalin ƙofar ɗakina nake rubutun nan. Baba da Inna suna tsakar gida. Kwana uku ke nan suna kan magana ɗaya.

"Wa ya aike ka?" in ji Inna. "Malam, tambayarka nake. Wa ya aike ka?"

"Gyara na kai ta."

"Gyara. Shekara biyu kana cewa a fitar maka da ita daga gida, sai da ta yi shiru ka zama mai jinya."

"Atika, ki bar ni."

"Na bar ka. Ai ka iya sa a bar ka."

Ba zan shiga ba. Ni sanarwa nake yi.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, baƙar akwati ce mai nauyi da ake jona wa sifika biyu. Ba rediyon da kuka sani ba ce. Tana kama sabis kamar waya, ta ɗauko waƙa ko karatu daga intanet ta zuba a ɗaki. Ba mu san ƙasar da aka haife ta ba, ba mu san shekarunta ba. Ta hannu ce, ta yi wani gidan kafin namu. Yayana Bashir, ɗan farin gidanmu, shi ya zo da ita daga Kaduna lokacin yana koyon haɗa sola. Ya kafa ta a falon Inna, ya ja mata waya daga batir, ya ajiye ɗan akwatin wayfai a taga inda sabis ya fi ƙarfi. Sannan ya sa mata sunansa da lambar sirrinsa, yadda daga wayarsa zai iya kunna ta. A gidanmu ta yi shekara huɗu.

An shaide ta da haƙuri. Ba ta cin batir. Ƙura ba ta sa ta tari. In za ta yi magana sai ta ce ƙas, 'yar shuɗiyar wutarta ta kama, sifikun su ja numfashi kamar mai shirin gaisuwa, sannan murya ta fito. In kiɗa mai nauyi ne, kwanukan kabad ɗin Inna su ɗauki rawa. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, duk da abin da ta ji a falon nan.

A gabanta aka yi abin da aka yi, shekara biyu da suka wuce. Baba ya kwanta asibiti a Zariya kan idonsa. Kafin ya dawo Yaya ya tumɓuke rabin raken fadama, irin da kakanmu ya bari, ya dasa tumatir. Baba ya dawo ya gani. Aka fara a gona, aka ƙarasa a falo, muryar Yaya ta hau kan ta Baba a gaban 'yan ƙwadago. Baba ya ce, "Wallahi kada in ƙara jin muryarka a gidana." Yaya ya ɗauki jaka. Resibar ce kawai bai ɗauka ba, ta yi nauyi.

Ya riƙe maganar. Bai kira kowa ba. Lambarsa ta daina shiga, shafinsa ya rufe. Wasu suka ce Fatakwal, wasu suka ce Legas, wani direban rake ya rantse ya gan shi a Agadas. Inna ba ta faɗin sunansa dama, kunyar ɗan fari. Baba ma haka. Sai gidan ya zama ba mai faɗa sai ni da ƙanwata Rashida, ita ma ta yi aure Gubuchi.

Wata uku bayan haka, ranar wata Talata bayan la'asar, ba kowa a falo, marigayiya ta ce ƙas. Karatun Alƙur'ani ya cika gidan, na makarancin da Inna ta fi so. Inna ta yar da tsintsiya tana neman tsari, ta ce aljanu sun shiga akwati. Na duba fuskar resibar. Sunan wayar Yaya ne a rubuce.

Na ce, "Inna, shi ne."

"Wa?"

"Shi."

Ta zauna a ƙasa, a inda take tsaye.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar. Ba muryarsa ba ce, bai saɓa wa Baba ba. Muryoyin wasu yake aikowa. Ya fara da karatu, ya biyo da tsohon kiɗan garaya irin wanda Baba ke saran rake da shi. Ranar Sallah kabbara. Wata rana ya makara sai kusan magariba, mu ce aiki ya riƙe shi. Na gano in na danna rimot na tsayar da ita, na sake saki, yana gani a wayarsa. Sai ya ƙara sauti kaɗan ya mayar. Gaisuwarmu ke nan. Inna takan ce, "Salman, danna masa ya san muna nan." In danna. Sauti ya hau, ya sauka. Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta koma kan tukunya.

Baba bai taɓa riƙe rimot ɗin ba. Cewa yake, "A fitar min da wannan abin, gidana ba tasha ba ne." Amma tabarmarsa da take zaure ta dawo gindin mangwaro, daga nan ta dawo ƙarƙashin tagar falo. Ya ce can ya fi iska. Bayan la'asar kullum yana da buhun da zai ɗinke a wurin. Ban san gida ɗaya na da buhuna masu huda da yawa haka ba.

A bara da kaka, maimakon karatu sai wata waƙar yara ta fito. Ta ƙare ta sake farawa. Ta sake. Wajen sau ashirin, ana tsayarwa ana saki ba kan gado. Na ɗauka lalacewa ce. Inna ta saurara ta saurara, sai ta ce, "Wannan ba hannun babba ba ne. Yaro ne ya samu waya." Ta tashi ta dafa shinkafa da kaza ba Sallah ba, ba suna ba. Baba ya ci. Da ya wanke hannu ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, "Namiji ne ko mace?" Na ce akwatin ba ta faɗa ba. Ya ce, "Shirme," ya fita.

Wannan ita ce hidimar marigayiya. Yanzu sai jinya.

Gaskiyar magana ba ta yi ciwo ba. Ruwan sama na makon jiya ya taɓa ƙarfen sabis ɗin da wayfai ɗinmu ke kamawa. Sabis ya ɗauke. La'asar ta yi, shiru. Washegari shiru. Rana ta huɗu Baba ya tsaya a ƙofar falo ya ce, "Me ya same ta?"

Na ce, "Sabis."

Ya zaro ƙaramar wayarsa ya duba. Layinsa na wani kamfani ne, na kiran waya kawai, a Gazara ba ya jan data. Ya ce, "Ga sabis cike."

Da na yi masa bayani. Kalma goma ta isa. Ban yi ba. Na ɗaga kafaɗa na wuce, don ni da Baba mun daɗe ba ma wuce kalma ɗaya. Wannan kason nawa ne, na rubuta shi don kada a ce na ɓoye.

Ranar Laraba, kwana na shida, ina fadama ina cire ciyawa. Inna ta shiga maƙwabta barka. Baba ya cire wayoyin da hannunsa, ya naɗe ta a babbar rigarsa ta Juma'a saboda yayyafi, ya ɗaure a bayan mashin, ya kai ta kasuwar Makarfi wurin Gambo mai gyaran rediyo. Mutumin da ya ce gidansa ba tasha ba ne. An ce a tsaye ya jira, ya ƙi kujera.

Gambo ya buɗe bai ga komai ba. Ya yi mata abin da yake yi wa kowace waya in ta gagare shi. Ya danne wani maɓalli a baya har ta manta duk abin da ta sani.

Baba ya dawo da ita kafin la'asar. Ni na mayar da wayoyin. Sabis ma ya dawo a yammacin, ba wanda ya roƙe shi. Ta ce ƙas. Wuta ta kama. Baba ya gyara zama a kan tabarma. A fuskarta sai rubutun Turanci, tana yi mana maraba, tana tambayar suna da lambar sirri.

Muka jira har aka kira magariba.

Washegari na je wurin Gambo. Ba faɗa na je ba, ban san me na je yi ba.

"Ɗan Malam!" in ji shi. "Ya amarya? Na wanke mata kai tas, sabuwa fil. Ko a kamfani sai haka."

"Ka goge sunan Yaya."

"To a sake sawa mana. Kira shi ya ba ka lambar."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Au," ya ce. "Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Wallahi tsohon cewa ya yi in yi duk abin da zan yi ta yi magana yau. Sau uku yana faɗa. Ni ina na sani?"

Ba na riƙe da Gambo. Ya ba ni ruwa na sha.

Na san za a ce ai tana aiki. Tana yi. Na sa mata nawa sunan, ta kama tashoshi, ta yi waƙa, kwanuka suka yi rawa. Inna ta leƙo ta ce, "Kashe. Wannan ba ita ba ce." Na kashe. Liman Ja'afar ya ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke ana cewa daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mun faɗa. Ni dai na faɗa ban ji komai ba, kamar ina karanta allon wani.

Marigayiya ta bar sifika biyu, ɗaya ta dama tana da ɗan kwarzane tun zuwanta. Ta bar rimot da murfin batirinsa ke ɗaure da roba, da wayfai a taga yana ta ƙifta ido bai san an yi mutuwa ba. Ta bar Inna. Ta bar Rashida, wadda ta zo jiya da goyo ta zauna a falo ta ce, "Yaya Salman, gwada ranar haihuwarsa mana." Na gwada. Na gwada sunan Inna, da sunan fadama, da lambar tsohon mashin ɗinsa, har aka ce in dakata na yi yawa. Ta bar wani yaro ko yarinya da ba mu san sunansa ba. Ta bar Baba.

Akwai abin da ya kamata ya shiga sanarwar nan ko da Baba ba zai so ba. Tun shekara biyu Liman ke gaya masa rantsuwar da ta yanke zumunci karya ta ake yi a yi kaffara. Bai yi ba. Jiya Juma'a da safe ya buɗe rumbu da kansa, ya auna dawa, ya kai gida goma. Bai gaya wa kowa ba, a bakin Liman na ji. Saboda haka rantsuwar ta warware. Muryar da aka hana an halatta ta. Wanda ya kamata ya sani ne kawai bai sani ba.

Abin da zai sani shi ne abin da wayarsa ta nuna masa. Kwana biyar yana neman gida ba ya samu, rana ta shida sunan resibar ya ɓace daga jerin gaba ɗaya. Ruwan sama ba ya goge suna. Hannu ke gogewa. Ni ma in ni ne, abin da zan ɗauka ke nan.

Don haka duk wanda ya karanta wannan ya tura gaba. Direbobin rake, masu kai tumatir kudu, 'yan sola na Kaduna. In kun san wani Bashir Muhammadu Lawal, dogo, mai tabon lauje a hannun hagu, ku ce masa ba korar sa aka sake yi ba. Gyara aka kai. Ku ce lambar Salman ba ta canja ba.

Game da jana'iza. Ba wanka, Gambo ya riga ya yi. Ba za a kai ta ko'ina ba. Na so in sa ta a kwali in ɗora kan kabad, Baba ya hana, ya ce a bar ta a jone. Na ce ko shekara za ta yi a jone ba zai iya shigowa ba. Ya ce a bar ta. An bar ta.

Za a yi zaman makoki a gidan Malam Muhammadu Lawal da ke Gazara, bayan sallar la'asar, daga yau Asabar har ranar da aka gaji. Mata su shiga falo wurin Inna. Maza ƙarƙashin taga. Ba sai an zo da komai ba, kuma don Allah kada wani ya kunna waƙa a wayarsa.

Mun fara ɗazu, mu huɗu, da Rashida da goyonta. Muka zauna har inuwa ta kai bakin rijiya. Sai Baba ya ɗauki rimot ɗin, karon farko, ya juya shi a hannu yana neman inda ake dannawa. Ya danna. Ya saki. Ya jira.

Sannan ya ce, ban san ko da ni yake ba ko da Inna, "To shi a can, in la'asar ta yi, wa yake kunna wa?"