Rasuwar Ɗan Kore, Bel Ɗin Sauke Ringi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi zama wuri ɗaya, Dela matar Ɗan'azumi mai haƙar rijiya a Roni take sanar da 'yan uwa rasuwar Ɗan Kore, bel ɗin nan mai faɗi na ɗaure kaya da maigidanta yake sauke ringin siminti da shi cikin rijiya. Ya cika ranar Talata da hantsi a wani ƙauyen Gwiwa, yana da shekara tara ko goma, ba ta riƙe ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ƙin kaya ba. In nauyi ya ishe shi, iyakarsa ya ce “ƙiiƙ, ƙiiƙ”, ya ci gaba da aiki. Dela ce take wanke shi da ruwa zalla, ta shanya shi a inuwa, ta rataye inda ɓera ba ya kaiwa.

Ciwon ajali ya faro ne da damina, ranar da ƙanen miji, Sabiru, ya are shi ya janyo amalanken shanu daga taɓo. Ya dawo da ƙulli a tsakiya. Daga nan aka manta shi a kan rufin kwano, rana ta ci shi, ya koɗe, ya fara fitar da gashi. Sau uku Dela tana magana, ana ce mata ta ji da tukunyarta.

Ranar da abin ya faru, ringi yana lilo a bakin rijiya, Ɗan'azumi yana can ƙasa yana jiransa, sai marigayin ya ce “ɗas”. Ringin ya karkace, ya maƙale a baki. Ƙasa kawai ta zubo wa maigida a ka. Allah ne ya riƙe.

Ya rasu ya bar ƙugiya biyu, da wata tsohuwar igiya da ita ma ba lafiya gare ta ba.

To, maigida ya ce suma ce ba mutuwa ba. Gobe zai kai wa baduku ya ɗinke, don akwai aiki a Babura ranar Asabar. Saboda haka an matso da jana'iza. Yau bayan la'asar, kafin ya dawo daga kasuwa, Mairo matar mahauci za ta zo da wuƙa a yanka mamacin gunduwa-gunduwa, yadda ko akuya ba za ta ɗauru da shi ba. Mata kaɗai ake gayyata. Duk wadda ta ci karo da Ɗan'azumi a hanya, don Allah ta durƙusa ta gaishe shi a tsanake, ta tambaye shi lafiyar danginsa ɗaya bayan ɗaya.